Rumbu ne kasafin kuɗinmu na farko (zare 🧵)

1/ Semestar da ta wuce, kuɗin wata biyu da Baba ya turo min sun ƙare cikin kwana 19. Na kira gida, aka sake turowa. Sai da na je hutu Sanyinna na gane buhun gero aka fitar aka sayar saboda ni, kuma ana tsakiyar damina. Ku biyo ni, akwai tarihi a ciki.

2/ Kakata ce ta tare ni a tsakar gida: "Kai ɗan boko, mi anka koya maka can? Mu da ba mu shiga aji ba mun san ba a cin iri." Wallahi ban iya cewa komai ba. Maganar nan ce ta sa na shiga binciken yadda mutanen da suke tsara gidajensu.

3/ Manomi sau ɗaya yake ɗaukar albashi a shekara: da kaka. Abin da ya shiga rumbu shi zai riƙe gida har wata kakar. Ka ƙaddara an ba ka albashin wata 12 rana guda. Wata nawa za ka kai?

4/ Shi ya sa tun a gona ake rabo, da dami ake ƙirga. Zakka ce farko: ɗaya cikin goma in hatsi ya kai nisabi. Sai iri, a zaɓi zangarniya mafi kyau a ɓoye. Sai na ci. Abin da ya rage shi ne na biki, suna, baƙo da biyan bashi.

5/ Gona ma kashi biyu ce. Gandu na gida ne gaba ɗaya, daga nan maigida ke ciyarwa, ya biya haraji, ya yi wa samari aure. Gayauna kuwa taka ce, ka sayi riga ko ka kashe a dandali. Asusun gida daban, na aljihu daban.

6/ Akwai rumbun da ake liƙewa sai damina, lokacin da aiki ya yi nauyi, hatsi ya yi tsada. Da rani samari su tafi cin rani, abin da Sakkwatawa suka yi suna a kai. Ba neman kuɗi kaɗai ba ne: duk bakin da ya bar gida, rumbu ya huta.

7/ Mata kuma su ke riƙe da lissafin yau da kullum. Su san mudu nawa zai kai dare. Ribar fura, ƙuli-ƙuli da kaɗi ta shiga adashi, adashi ya zama akuya, akuya ta zama kayan ɗakin ɗiya. Babu littafi, amma babu abin da ke ɓata.

8/ Kuɗin lokacin wuri ne. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi iyali shekara, har da sutura. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, wato keso biyu da rabi zuwa uku. Kuɗin da sai an nemi jaki ya ɗauka, ta ina za ka kashe su da gangan?

9/ A watan Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Sannu a hankali haraji ya koma sai da kuɗin Bature, kuma bayan girbi ake karɓa. Manomi ba shi da sule, hatsi gare shi. Dole ya kai kasuwa a daidai lokacin da kowa ke kaiwa, farashi a ƙasa.

10/ Nan tarkon yake: ka sayar da arha da kaka, ka saya da tsada da damina. Da aka yi fari a 1913, yunwar 1914 da ake kira Kakalaba ta tarar da gidaje da yawa ba abin faɗawa. Mutane sun mutu, wasu suka bar garuruwansu.

11/ A 1967 wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. Ta tarar da abin nan dai: rumbun talaka kan ƙare da wuri, sai ya koma ƙwadago a gonar wani lokacin da tasa ke jiran noma. Talaucin bana ya haifi na baɗi.

12/ Sai zamanin albashi. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya naira 2. Kuɗin Udoji suka biyo baya, aka sha sayen rediyo da babur. A 1986 tsarin SAP ya zo, naira ta fara zubewa. An koma lissafin wata-wata, a kuɗin da ba ya riƙe darajarsa.

13/ Namu kuma kun gani da idonku: wahalar takardun kuɗi farkon 2023, sai cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu. Kuɗin mota daga Tambuwal zuwa Sakkwato kaɗai ya ishe ka shaida.

14/ Abin da na fahimta: rumbu yana da wahalar buɗewa, kuma gida duka na gani in an buɗe. Waya fa? Alat ya shigo, data, shawarma, "turo min dubu biyu", ƙarfe 2 na dare ba mai ganinka. Kuɗin ba su da bango.

15/ To na gina nawa bangon. In 40,000 ta shigo, ranar nake rabawa:
Iri (kuɗin mota gida da na rashin lafiya): 6,000, a wani asusun da ba shi da kati
Awo a dunƙule: 21,000
Takardu da data: 8,000
Sadaka da zumunci: 2,000
Gayauna, na shaƙatawa: 3,000

16/ Doka ɗaya ce: in gayauna ta ƙare, ta ƙare. Ba a shiga gandu, ba a taɓa iri. Daidai ruwa daidai tsaki. Wata uku ke nan ban kira gida kafin lokaci ba.

17/ Kar a fahimce ni ba daidai ba. Kasafi ba ya maganin fari, ba ya sauke farashi. Waɗanda Kakalaba ta ci ba rashin lissafi ya kashe su ba. Amma ni ba fari ya same ni ba, sakaci ne, kuma ƙannena ne suka biya da tuwonsu.

18/ Buhun nan bashi ne a kaina. Ina tara 2,000 duk wata daga gayauna, na haɗa da ɗan abin da nake samu a koyar da yara, da kaka in sha Allahu in saya in mayar rumbu. Kakata ta ce sai ta gani da idonta.

19/ Ku tambayi tsofaffin gidanku yadda ake rabon hatsi a garinku, ku rubuto a ƙasa. Musamman 'yan Kebbe da Dogon Daji, ina jiran naku.