Daga gujiya zuwa salula: abin da masana suka kira «sabo» a kasuwancin ƙasar Tasawa

Duk wanda ya bi rubuce-rubucen da aka yi game da tattalin arzikin jahar Maraɗi zai lura cewa kowane zamani na masu bincike yana zuwa da nasa «sabon al'amari». A wannan ɗan aiki muna son mu auna waɗannan sababbin abubuwa daga garuruwan da ke kudancin Tasawa, kamar Hawandawaki da Korgom, inda Najeriya take kusa, Yamai kuwa nesa.

Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya nuna yadda isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya fataucin hamada, ta juya fuskar ƴan kasuwa zuwa kudu. Abin da ya biyo baya shi ne gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa. Haraji da kuɗi ake biyan sa, saboda haka talaka ya shuka abin da kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suke saye. Waɗannan kamfanoni ba su shiga ƙauye da kansu ba. Sukan ba wani ɗan kasuwa kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa su bi kasuwanni. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA ta karɓe fitar da gujiya waje, amma ba ta rabu da waɗannan masu saye ba. Fari na 1973 zuwa 1974 da cutar da ta ci gonaki a 1975 su suka kashe wannan ciniki.

A nan ne Emmanuel Grégoire ya shigo da littafinsa Les Alhazai de Maradi (1986). Ya bayyana yadda alhazai suka bar gujiya suka koma shigo da atamfa da taba ta Kwatano don tsallakar da su Najeriya, kuma ya ɗora bayaninsa bisa dangantakar ubangida da bara. A ganinmu nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan ne mai nazarin harshe yake da abin faɗi. «Bara» ba ma'aikaci ba ne mai albashi, ba kuma bawa ba ne. Ubangida yana ciyar da shi, yana yi masa aure, wata rana ya ba shi jari. Takardar tambayoyi da aka tsara da Faransanci, wadda ke neman sanin «ma'aikata nawa» ɗan kasuwa yake da su, amsar da za ta samo ita ce babu, alhali mutane da yawa suna ci a hannunsa. Haka lissafin kuɗi: a Nijar da dala ake ƙidaya, dala guda tamma biyar ce, jikka kuwa tamma dubu. Mai bincike da ya ji «ɗari» a bakin mai hatsi ya rubuta 100 ya rage farashin sau biyar.

Daga shekarun 1990 hankalin masana ya koma kan ƙananan bashi. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, ya bazu ƙasashe da dama. Ba mu raina shi ba, sai dai tushensa adashi ne da mata suka daɗe suna yi; abin da aka ƙara shi ne akwati da ƙa'idar ramce.

Salula ce ta zo da canji na gaske. Jenny Aker, a binciken da ta wallafa a 2010 kan shekarun 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa yana jin farashi ba tare da ya hau mota ba. Amma wa yake kira? A wani aiki na 2014 ita da abokan aikinta sun nuna cewa iyakar Nijar da Najeriya ba ta raba farashi ƙwarai inda ƙabila ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Wato wayar tana bin hanyar amana da harshe da ta tarar.

Abin da ya fi girgiza waɗannan garuruwa kuwa ba fasaha ba ce, shawarar gwamnatoci ce: rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, karyar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. A wannan shekarar ce kuma Najeriya ta janye tallafin man fetur, abin da ya rage ribar masu sayar da shi a kwalabe bakin hanya. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021 za ta bi ta Daura da Katsina, kuma muna ganin ya kamata ɗalibanmu su tattara kalmomin ciniki na kasuwannin Tasawa da Mayahi tun kafin jirgin ya fara gudu.