Karatun injiniyancin mutum-mutumi bayan digirin farko a Kano

Karatun injiniyancin mutum-mutumi bayan digirin farko shi ne zurfafa ilimin da ɗalibi ke yi domin ya ƙware wajen tsarawa, ƙerawa da sarrafa na'urorin da ke aiki da kansu. Ya ƙunshi difloma ta gaba da digiri, digiri na biyu, da digiri na uku wanda aka fi sani da digirin digirgir. A Kano, kamar yadda yake a yawancin jami'o'in Arewacin Najeriya, ba kasafai ake samun fannin da sunansa ba. Ana shigarsa ne ta ƙofar mekatironik, ko injiniyancin lantarki, ko na injuna, ko na kwamfuta, kuma ɗalibai da dama sukan fita ƙasashen waje su ƙarasa.

Suna

Kalmar robot ta fito ne daga harshen Cek, daga robota, wato aikin tilas. Marubuci Karel Čapek ne ya yaɗa ta a wasan kwaikwayonsa mai suna R.U.R. na shekarar 1920. A Hausa, kafafen yaɗa labarai sun fi amfani da mutum-mutumi ko butum-butumi, kalmar da tun asali take nufin siffar mutum da aka sassaƙa, ko wadda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Wannan suna yakan sa a ɗauka cewa dole na'urar ta yi kama da ɗan Adam, alhali mafi yawan waɗanda ke aiki a masana'antu hannu ne guda na ƙarfe, galibi mai gaɓoɓi shida, wanda aka kafe a wuri ɗaya.

Ita kuma kalmar mekatironik an ƙirƙire ta ne a kamfanin Yaskawa na ƙasar Japan a 1969, ta hanyar haɗa sunan ilimin injuna da na lantarki.

Tarihin fannin

Ƙera na'urori masu motsi da kansu tsohon abu ne. A 1206 Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa da ya bayyana agogunan ruwa da na'urorin ɗaga ruwa da ya ƙera. Mutum-mutumin masana'anta na farko, Unimate, ya fara aiki a 1961 a masana'antar motoci ta General Motors da ke jihar New Jersey a Amurka. Jami'ar Carnegie Mellon ta kafa cibiyarta ta binciken mutum-mutumi a 1979, kuma a 1988 ta buɗe digiri na uku a fannin, wanda shi ne irinsa na farko a duniya.

A Najeriya, an buɗe Cibiyar Ƙirƙirarriyar Basira da Mutum-mutumi ta Ƙasa a Abuja a 2020, ƙarƙashin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA.

Abin da ake karantawa

Kowane mutum-mutumi yana da sassa uku: na'urorin ji da gani da ke ɗauko bayani daga muhalli, ƙaramar kwamfuta da ke yanke hukunci, da motocin lantarki da ke motsa gaɓoɓi. Abin da ke haɗa su shi ne ilimin sarrafawa, inda na'ura ke auna sakamakon aikinta, ta kwatanta shi da abin da ake so, sannan ta gyara kanta. Misali mafi sauƙi shi ne makunnin da ake sa wa tankin ruwa a gidaje, wanda ke kashe famfo idan tanki ya cika, ya kunna shi idan ruwa ya yi ƙasa.

A digiri na biyu ɗalibi yakan ɗauki darussa kamar lissafin motsin gaɓoɓi, ilimin sarrafawa mai zurfi, yadda kwamfuta ke gane hoto, koyon na'ura, da tsara hanyar da na'ura za ta bi ba tare da ta yi karo ba. Ana yawan amfani da harsunan kwamfuta na Python da C++, da manhajojin MATLAB da ROS. Bayan darussan aji sai aikin bincike da rubuta kundi, wanda ɗalibi zai kare a gaban malamai tare da mai jarrabawa daga wata jami'a. Digiri na uku kuwa kusan dukkansa bincike ne, kuma ba ya kasa shekara uku.

A Kano

Babbar cibiyar wannan karatu a Kano ita ce Jami'ar Bayero. Tushenta yana cikin birni ne, domin a 1960 aka fara ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin ganuwa. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka mayar da sunanta Kwalejin Abdullahi Bayero. Daga baya ta koma mazauninta da ke wajen ganuwa kusa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Dukawuya, ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1977. Tsangayar Injiniyanci tana sabon mazauni a kan titin Gwarzo, kuma a cikinta akwai Sashen Injiniyancin Mekatironik, wanda ke ba da digirin farko na shekara biyar. Sassan lantarki da na injuna sun daɗe suna ba da digiri na biyu da na uku ta hannun Makarantar Karatun Gaba da Digiri ta jami'ar.

Akwai kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, tana koyar da injiniyancin lantarki da na injuna. A wajen jihar, Jami'ar Ahmadu Bello tana da digiri na biyu a injiniyancin sarrafawa, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna kuma tana da sashen mekatironik. Makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka kafa a 1977, suna cikin waɗanda suka daɗe suna tura ɗalibai zuwa tsangayoyin injiniyanci.

Sharuɗɗan shiga

A mafi yawan jami'o'in Najeriya, mai neman digiri na biyu yana buƙatar digirin farko a fannin da ya dace, aƙalla mai daraja ta biyu, tare da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Wanda ke da digiri mai daraja ta uku, ko babbar difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, yakan fara da difloma ta gaba da digiri. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke amincewa da kwasa-kwasai, ita kuma majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista.

Tallafin karatu

Gwamnatin Kano ta tura ɗaruruwan ɗalibai karatun digiri na biyu a ƙasashen waje a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin ga ɗalibai 1,001, inda aka tura wasu daga cikinsu Indiya da Uganda. Asusun PTDF ma yana ba da tallafin karatu a gida da waje. Malaman jami'a kuwa sun daɗe suna dogaro da asusun TETFund, kuma da yawansu sun yi digiri na uku a Malesiya da Ingila, sai dai asusun ya dakatar da sabon tallafin karatu a waje daga farkon 2025, saboda tsadar canjin kuɗi da ƙin dawowar wasu malamai.

Ƙalubale

Babbar matsalar ita ce kayan aiki. Hannun mutum-mutumi, kyamarori da na'urorin awo duk daga waje ake sayo su da dala, kuma farashinsu ya ƙara hawa bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Wannan yakan sa bincike ya tsaya a kwaikwayo cikin kwamfuta, ba a kai ga ƙera na'urar ba. Rashin tsayayyar wutar lantarki yana katse gwaje-gwaje, haka ma yajin aiki: na ƙungiyar ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Matsala ta biyu ita ce wurin aiki. Masana'antu da yawa a Sharaɗa, Challawa da Bompai sun rufe ko sun rage aiki tun daga shekarun 1990, don haka waɗanda suka kammala sukan koma koyarwa, ko su tafi Legas da Abuja, ko su zauna a ƙasar da suka yi karatu.

Inda ake buƙatar fannin

A Kano buƙatar ta fi karkata ga sarrafa injuna masu araha fiye da ƙera na'ura mai kama da mutum. Daga ciki akwai sarrafa ban-ruwa a gonakin rani na Kadawa da Kura, tace hatsi da tsince shi a injinan casar shinkafa, da lura da amfanin gona ta jirage marasa matuƙi. An ga misalin irin wannan aiki a jihar Kaduna, inda kamfanin Zipline ya fara kai magunguna da alluran rigakafi zuwa asibitoci ta jirage marasa matuƙi a 2022. Birnin kuma yana da tsohuwar al'adar ƙira da gyare-gyare, daga maƙeran cikin gari zuwa masu walda da masu gyaran waya, kuma a wurinsu ɗalibai kan samu ƙarafa da ƙananan kayan da suke haɗa na'urorin gwaji da su.

Duba kuma

Jami'ar Bayero
Ƙirƙirarriyar basira
Injiniyancin lantarki
Ilimi a Jihar Kano