Yaƙin Kagera da Tsaka Mai Wuyar Shugabannin Afirka

Idan muka waiwayi tarihin Afirka bayan samun 'yancin kai, da wuya mu sami yaƙin da ya kunyata Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka kamar wanda aka gwabza tsakanin Tanzaniya da Uganda.

Idi Amin ne ya tsokano faɗan. A watan Oktoba na 1978 sojojinsa suka kutsa yankin Kagera na Tanzaniya, suka kashe talakawa, suka kwashi ganima, shi kuma ya shelanta cewa yankin ya zama nasa. Shugaba Julius Nyerere ya nemi ƙungiyar ta yi Allah wadai da wannan ta'asa, amma sai aka ɓige da aiko masu sulhu. Da ya ga haka, sai ya fatattaki maharan, kuma bai tsaya a bakin iyaka ba. A farkon 1979 dakarunsa suka faɗa Uganda tare da 'yan ƙasar masu gudun hijira. Gudunmawar sojojin da Gaddafi ya turo ba ta hana Amin shan kashi a Lukaya ba, kuma ranar 11 ga Afrilu Kampala ta faɗi. Amin ya tsere Libiya, daga bisani Saudiyya, inda ya rasu a 2003.

A nan gizo yake saƙa. Kundin ƙungiyar ya haramta tsoma baki cikin harkokin wata ƙasa, ga shi kuwa ƙasa ta hamɓarar da gwamnatin maƙwabciyarta. A taron Monrobiya na Yulin 1979, Nimeiri na Sudan da Janar Obasanjo na Nijeriya sun soki Tanzaniya, suna tsoron kada abin ya zama al'ada. Ba mu raina hujjarsu ba. Sai dai kada mu manta cewa wannan ƙungiya ce ta ba Amin shugabancinta a 1975, alhali kowa ya san yadda yake zubar da jinin mutanensa. Nyerere ya ƙaurace wa wancan taro.

Uganda ba ta sami sauƙi nan take ba. Yusuf Lule kwana 68 kacal ya yi a kan mulki, Obote ya dawo a 1980, aka sake tsunduma cikin yaƙin basasa har Museveni ya karɓi ragama a 1986. Tanzaniya kuwa ita ta ɗauki nauyin yaƙin, tattalin arzikinta ya jigata.

Sai a shekara ta 2000, a birnin Lome, shugabannin suka amince da kundin Tarayyar Afirka, wanda ya ba tarayyar ikon shiga ƙasar da ake kisan ƙare dangi ko laifuffukan yaƙi a cikinta.