Mbuna: Yadda Kifin Duwatsun Malawi Ya Shigo Falon Gida

Duk masuncin da ya san aikinsa zai gaya maka cewa uwar karfasa a baki take goyo. Tana kwashe ƙwanta ta riƙe shi a cikin baki, ba ta cin komai, har sai 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun iya iyo. Karfasa 'yar babban gida ce. Masana suna kiran danginta sikilid, kuma sun riga sun raɗa wa nau'i sama da 1,600 suna. Cikin wannan dangi akwai wasu ƙanana, tsawonsu bai wuce yatsa ko tafin hannu ba, masu launin shuɗi da rawaya da ruwan goro. Su nake kiwo a akwatin gilashi a gidana, kuma shekarun da na yi da su sun nuna mini abu guda. Kowace ƙa'ida da ake bi wajen haɗa musu akwati tana da tushe a wani tafki na gabashin Afirka, da kuma gumin mutanen da suka yi nutso suka fito da su. Wanda ya san wannan tarihi ba zai riƙe su kamar kayan ado ba.

Ajiye kifi a gida don kallo tsohon abu ne. Zanen kabarin Nebamun a Masar ya nuna karfasa tana iyo a tafkin lambu, fiye da shekara dubu uku da suka wuce. Akwatin gilashi kuwa a Ingila ya samu gindin zama. A 1850 Robert Warington ya nuna cewa tsiron ruwa da kifi suna iya raya juna a mazubi ɗaya, a 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi, daga nan Jamusawa suka karɓi abin suka mai da shi sana'a. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ake kai musu dangin karfasa daga Kudancin Amurka da Masar da gaɓar Afirka ta Yamma. Ɗaya daga cikinsu shi ne kiribensis mai jan ciki, ɗan ƙoramun kudancin Najeriya. A gwangwanayen ƙarfe ake ɗauko su cikin jirgin ruwa, tafiyar makonni, mafi yawa su mutu a hanya. Kifin da tafkinsa ke can tsakiyar nahiya, nesa da tashar jirgin ruwa, ba shi da hanyar fita.

Haka Tafkin Malawi ya zauna da dukiyarsa. Tsawonsa ya haura kilomita 550, zurfinsa a wani wuri ya kai mita 700, ƙasashe uku ne suka kewaye shi: Malawi da Tanzaniya da Mozambik. Babu tafkin da ya kai shi yawan nau'in kifi a duniya. Masana sun ƙiyasta dangin karfasa da ke cikinsa tsakanin nau'i 700 zuwa 1,000, kuma kusan dukkansu ba a samun su a ko'ina sai nan. Mutanen bakin tafkin, Tonga da Cewa da Yawo, sun san su tun kaka da kakanni. Cambo da utaka su ne na tukunya. Ƙananan da ke maƙale a duwatsu kuwa, Tonga suna ce musu mbuna.

David Livingstone ya isa tafkin a 1859. Abokin tafiyarsa John Kirk ya tattara samfurin kifi ya aika Landan, inda Albert Günther ya bayyana su a 1864. A 1935 Ethelwynn Trewavas, wata masaniya a gidan tarihin halittu na Landan, ta tsara dangin gaba ɗaya. Sai dai kifin da ke cikin kwalbar magani launinsa ya kan dishe, halinsa kuma ba ya bayyana. Wanda ya zauna ya kalli mbuna da ransu shi ne Geoffrey Fryer, matashin mai bincike da ya yi aiki a Nkhata Bay a tsakiyar shekarun 1950, ya buga sakamakon a 1959. Ya ga yadda suke kankare gansakuka daga jikin dutse, kowane nau'i da irin haƙoransa da irin leɓensa. Ya ga namiji yana tsare ɗan kogonsa, ba ya yarda wani ya raɓe shi. Ya kuma lura cewa mbuna ba sa son ƙetare fili mai yashi ko ruwa mai zurfi. Saboda haka tsibiri biyu da ke kallon juna sai ka tarar kowanne da nasa launin kifi, domin dubban shekaru sun shuɗe ba su haɗu ba.

Abu biyu suka buɗe wa kifin nan hanya: jirgin sama da ledar roba. Da aka gano cewa kifi zai yi kwana ɗaya ko biyu a leda mai ɗan ruwa da iskar oksijin, nisan teku ya daina zama shinge. A farkon shekarun 1960 mbuna na farko suka isa Turai da Amurka, cikinsu har da auratus mai ratsin zinariya da baƙi. Masu kiwo suka yi mamaki, domin a da sun ɗauka irin wannan launi sai kifin teku. Peter Davies ya kafa wurin kamu a Cape Maclear, a kudancin tafkin. A daidai lokacin ne kuma aka fara manna gilashi da gam ɗin silikon, akwati mai faɗi ya yi araha, ya shiga gidan mai ƙaramin ƙarfi.

Sunan da ya fi daɗewa a wannan ciniki shi ne Stuart Grant, Baturen Ingila da ya fara fitar da kifi a farkon shekarun 1970 daga Kambiri Point kusa da Salima, ya ci gaba har rasuwarsa a 2007. Amma aikin da hannu, 'yan Malawi ne suka yi shi. Mai nutso yana sauka da dogon tiyo a baki, injin iska yana aiki a cikin kwalekwale a sama. Zai kafa siririyar raga tsakanin duwatsu, ya koro kifin da yake so a hankali, ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kamo daga zurfi ba a fito da shi kai tsaye, domin jakar iskar da ke cikinsa za ta kumbura ta kashe shi. A keji ake barin sa, ana ɗago shi mataki-mataki cikin kwanaki. A tudu a hana shi abinci na ɗan lokaci don kada ya ɓata ruwan leda, sannan a jera ledojin a kwalin soso, a kai filin jirgi. Ɗaya daga cikin waɗannan masu nutso, Saulos Mwale, sunansa ya shiga littafin kimiyya. A 1990 wani masani, Ad Konings, ya raɗa wa wani ɗan kifi suna saulosi domin girmama shi. Namijin shuɗi ne mai ratsi, macen rawaya, kuma a wuri ɗaya tak yake rayuwa, wani tsauni a ƙarƙashin ruwa da ake kira Taiwanee, kusa da tsibirin Chizumulu.

Labarin saulosi ne ya fi taɓa ni. Kasuwa ta so shi, aka yi ta kwasa har ya kusa ƙarewa a tsauninsa, yayin da dubbansa ke iyo a akwatunan Turai. Daga baya asusun kare kifi da aka kafa da sunan Grant ya sa aka hayayyafa shi a tankuna aka mayar da 'ya'yan gida. Wata ɓarnar kuma ta sakaci ce. An taɓa sakin kifin da aka ɗauko daga arewacin tafkin a tsibirin Thumbi ta Yamma, kusa da Cape Maclear. Baƙin suka zauna, suka yaɗu, wasu suka yi barbara da 'yan gida. Abin da tafki ya raba tun zamanin da, hannun ɗan'adam ya cakuɗa shi a rana ɗaya. A 1980 gwamnatin Malawi ta mai da yankin Cape Maclear gandun kariya na ƙasa, a 1984 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya, kuma kifin nan ne babban dalili.

Akwai kuma labarin da ya nuna ɗaya fuskar. Kifin rawaya mai baƙin layi a fiffike, wanda ya fi kowane mbuna yaɗuwa a shaguna yau, a tafki ba shi da yawa. A wani ɗan lungu kusa da Nkhata Bay aka same shi. 'Yan ƙalilan aka fitar, suka faɗa hannun Pierre Brichard, ɗan Beljiyam da ya kafa gonar kifi a Bujumbura, bakin Tafkin Tanganyika, a 1971. Ya hayayyafa su da yawa ya watsa a duniya. Goyon baki ne ya sauƙaƙa hakan, domin uwa ita ce ke tsaron 'ya'yanta na kusan mako uku. A yau mafi yawan mbuna da ake sayarwa haifaffun gonaki ne a Florida da kudu maso gabashin Asiya da Turai, kakanninsu ma ba su san Malawi ba.

Amma jikinsu bai manta tafkin ba, kuma a nan ne tarihi yake komawa aiki. Ruwan Malawi mai ɗan kanwa-kanwa ne, ma'auninsa na pH yana tsakanin 7.7 da 8.6. Don haka kafin komai nakan auna ruwan da zan zuba, na famfo kuma sai na cire masa kulorin. Ɗuminsa yana tsakanin digiri 24 zuwa 28. A watannin zafi wannan ba matsala ba ne a wurinmu, amma daren hunturu yana iya sanyaya akwati har kifi su kwanta, sai da na'urar ɗumama ruwa. Gaɓar tafkin kullum cikin kaɗawar igiya take, ruwan cike da iska. Shi ya sa famfon iska mai batir ya zama dole a gidan da ake yawan ɗauke wuta. Abin da Fryer ya gani a Nkhata Bay shi nake ginawa: yashin rafi wankakke a ƙasa, duwatsu a jibge har kusan saman ruwa, koguna sun fi kifin yawa. Duwatsun a kan gilashi nake fara kafa su kafin in zuba yashi, domin mbuna maginan rami ne, in sun tone ƙarƙashin dutse zai rufto. Akwatin da tsawonsa ya kai santimita 120, mai cin lita 200 ko fiye, shi ne mafarin hankali.

Zuba kifi kuwa sai an yi haƙuri. Sabon akwati ba shi da bakteriyar da ke sarrafa amoniyar kashin kifi, kuma tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta zauna a matatar ruwa. Mai gaggawa yakan wayi gari da gawa. In lokaci ya yi, namiji ɗaya ake haɗawa da mata uku ko huɗu, domin idan mace ɗaya ce zai kore ta har ta galabaita. Ana kuma ɗan cika akwatin fiye da yadda ake yi wa sauran kifi, faɗa ya rarrabu, mai ƙarfi ya rasa wanda zai sa wa ido. Kuɗin wannan dabara shi ne matata mai ƙarfi da sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako. Wajen abinci kuwa, hanjin mbuna dogo ne, na mai cin gansakuka. Abincin tarwada da ke cike da kasuwanninmu ya yi musu maiƙo, yana kumbura musu ciki ya kashe su. Abinci mai ganye suke so, ko ɗan alayyafo da aka tsoma a ruwan zafi.

Ƙa'idoji uku na ƙarshe ba na lafiyar kifi ba ne kaɗai, na amana ne. Ba na haɗa nau'i biyu masu kama da juna, don kada in haifar da ruwa-biyu in raba wa mutane da sunan asali. Ina sayen haifaffen gona, in bar na tafki a tafkinsa. Kuma ba na sakin kifin akwati a rafi ko dam, komai yawansu. Giwan ruwa da muke alfahari da ita a Argungu, da aka kai ta Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, tana cikin abin da ya shafe nau'in dangin karfasa kusan 200 a can. Baƙon kifi ba a san ɓarnarsa sai ya zauna.

Yau Tafkin Malawi yana cikin matsi. Cambo ya ragu ƙwarai saboda yawan kamu, ana jan gidan sauro a matsayin koma ana kwashe 'ya'yan kifi, zaizayar ƙasa daga gonaki tana rufe duwatsun da gansakuka ke tsirowa. Masuncin da ke neman abin da iyalinsa za su ci ba abin zargi ba ne. Mu da muke kiwon kifin nan don nishaɗi nauyin ya fi hawa kanmu. Wata rana zuriyar da ke akwatin wani mai kula ita za a nema don a farfaɗo da wani tsauni, kamar yadda aka yi da saulosi. Saboda haka ka san sunan abin da ka saya, ka tambayi yankin da kakanninsa suka fito, ka rubuta ka ajiye, kuma ka gaya wa duk wanda ka ba 'ya'yansa.