Wa Ya Fasa Salansa? Tarihin Ƙarar Mashin a Ƙasar Boɗinga da Shagari

 Wannan makon layi ya biyo ta kaina, kuma tarihin da na kawo na wani guntun ƙarfe ne da ke maƙale a gefen mashin, wanda kanikawa ke kira salansa.

Abin da ya ja ni gare shi, rubuce-rubucenmu ne. Sau da yawa nakan karanta labari in tarar an ce "ya hau mashin ɗinsa ya tafi", ko labarin na 1978 ne ko na 2021, jimlar ɗaya ce. Alhali duk wanda ya tashi a Dandin Mahe ko wani gari tsakanin Boɗinga da Shagari ya san kowane zamani da muryar mashin ɗinsa, kuma abin da muryar ke gaya wa mai saurare ya sauya fiye da sau ɗaya. Mu nan "mashin" muka fi cewa, Kanawa su ce "babur". Namu ɗan kabu-kabu ne, nasu ɗan acaɓa. Ni kuwa duk lokacin da na furta "babur" sai kunnena ya ce mini daga ƙarar abin aka samo sunan.

Bari mu fara da aikin ƙarfen. Duk sanda fetur ya kama wuta a cikin inji, hayaƙin yakan fito da ƙarfi, bugu bayan bugu, kamar ƙananan harbi. Salansa gwangwani ne mai ɗakuna da bututu mai huji-huji a ciki. Hayaƙin yana shiga ya bazu, ya karkata, ya huce, kafin ya fito a gajiye. Mai son ƙara abu uku yakan yi: ya zare bututun ciki, ko ya sa mai walda ya huda gwangwanin, ko ya yanke shi a ɗora miƙaƙƙen bututu.

Ga wani abin mamaki da ya haɗa salansa da Sakkwato. Ranar 15 ga Maris 1903, da rundunar Turawan Ingila ta fuskanci jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Giginya, cikin makaman da suka yanke yaƙin akwai bindiga mai sarrafa kanta da ake kira Maxim. Wanda ya ƙera ta, Hiram Stevens Maxim, ya kurumce a ƙarshen rayuwarsa bayan shekarun da ya yi yana gwajin bindigogi. Ɗansa, Hiram Percy Maxim, sai ya mai da kashe ƙara sana'arsa: a 1909 ya yi rajistar na'urar rage ƙarar bindiga a Amurka, kamfaninsa kuma ya shahara wajen ƙera salansar injuna. Ba shi ya fara yi wa inji salansa ba, amma dabarar ɗaya ce a bindiga da mashin. Ku riƙe wannan dangantakar, za mu dawo kanta.

Mashin bai zama ruwan dare a ƙasarmu ba sai da kuɗin Udoji suka sauka. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamitin Jerome Udoji a 1972, ya miƙa rahoto a 1974, aka biya ma'aikata ƙarin albashi haɗe da ariyas a farkon 1975. Kwamishinan kuɗi na tarayya a lokacin ɗan ƙasar nan ne, Alhaji Shehu Shagari. Malaman makaranta da malaman gona da na asibiti suka sauka daga kan Raleigh suka hau Vespa da Honda Benly da Suzuki da Yamaha. A wancan zamanin mai mashin ɗaya ne ko biyu a gari, don haka ba ya bukatar ya ƙara wa abin hawansa murya. Ana jin sa daga bayan gari an san wane ne. Mutuncinsa ma a lafiyar injin yake: a goge, a wanke, ya tashi da bugu ɗaya, ya yi ta kaɗawa a hankali a ƙofar hedimasta. Mashin mai ɓaɓatu alama ce ta mai shi ya gaza gyara. Ita Vespa sunanta da Italiyanci yana nufin rina, kuma wanda ya taɓa jin kukanta ba zai yi musu ba.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, sannan tsarin SAP na Janar Babangida ya zo a 1986 ya karya darajar naira. Ma'aikacin da ya sayi mashin don ƙawa ya fara ɗaukar fasinja da marece don cefane. Kabu-kabu ta kafu. Daga baya mashinan Sin masu araha suka cika kasuwa, a gabansu Jincheng, wanda aka kwaikwayo daga Suzuki AX100.

A nan zan ɗan daɗe, don a nawa ganin a nan aka haifi al'adar fasa salansa a wajenmu. Injin Jincheng irin wanda ke kama wuta a kowane juyi ne, ba kamar na Honda Benly da ke kamawa sau ɗaya a juyi biyu ba. Shi ya sa muryarsa siririya ce mai kaifi, ta Honda kuwa kauri gare ta. Sannan yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ne shuɗin hayaƙin da muka shaƙa muna yara. Wannan man yakan daskare a cikin salansa ya zama baƙin dauɗa mai danƙo, har ya toshe hujojin. Mashin ya fara nauyi, ya ƙi ja a yashi. Sai a kai wa bakanike ya kwance salansar, ya zaro bututun ciki, ya ƙona shi da wuta ya kakkaɓe. Da an mayar, mashin ya dawo da ƙarfinsa, muryarsa ta buɗe. Ɗan kabu-kabu ya ji ƙarfi ya dawo tare da ƙara, sai ya ɗaura su wuri ɗaya a ransa. In ɗan buɗewa ya kawo wannan, ina ga an zare bututun gaba ɗaya? Ƙusa ta ɓace, ko zaren ya cinye, bututun bai koma ba. Abin da ya fara a matsayin gyara ya zama ado.

Sai dai lissafin bai tsaya daidai ba. A irin wannan injin, salansa tana cikin masu samar da ƙarfin. Wani injiniyan Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya ƙware a shekarun 1950 wajen fasalta bututun hayaƙi yadda bugun da ya fita zai dawo ya tura ɗanyen man da ke neman tserewa ya koma cikin inji. A 1961 matuƙinsa Ernst Degner ya gudu zuwa Yamma ɗauke da ilimin, ya koma Suzuki, a 1962 ya ci wa kamfanin kambun duniya na farko a tseren ƙananan mashina. Wato waɗanda suka san abin auna bututun suke yi da ma'auni. Yaron da ya yanke nasa da zarto a rumfar mai walda yakan samu ƙara, ya rasa ja, ya ƙara shan mai. Ko a Bajaj Boxer na Indiya da ya kori Jincheng daga tasha a shekarun 2000, da Kasea da Daylong da muka fi sani a nan, buɗe salansa ba tare da daidaita kafireto ba kan sa inji ya yi zafi fiye da kima. Ka faɗa wa mai shi haka ya yi maka dariya. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

To in ba gudu ake samu ba, me ake nema? A gan ka, kuma a ji ka. Ba mu muka fara ba. Samarin Landan sun yi a shekarun 1950, na Japan sun yi har suka zama ciwon kan 'yan sanda, kamfanin Harley-Davidson na Amurka ma ya nemi a yi masa rajistar ƙarar injinsa a 1994, ya janye a 2000. Amma namu yana da tushensa na gida. Ƙasar doki ce wannan. A da, babban mutum ba ya shiga gari shiru: akwai tambari, akwai kakaki wanda na sarakuna ne kaɗai, akwai 'yan bindiga masu ɗura albarushi su harba sama ranar hawan Sallah ƙasa ta girgiza. Angon da ke da hali abokansa kan yi masa sukuwa. Da doki ya yi tsada ya koma gidajen sarauta da na masu kuɗi, mashin ya gaji filin. Rakiyar amarya ta zama jerin gwanon mashina, sukuwa ta zama wasan mashin, a ɗaga ƙafar gaba kamar yadda mahayi ke tayar da ingarma. Harbin 'yan bindiga ma an samo madadinsa. Yaro na cikin gudu sai ya kashe makulli ya sake kunnawa, ɗanyen man da ya taru a bututu ya kama, ka ji tau! kamar an harba. Talakan da ba za a taɓa busa wa kakaki ba ya samu nasa a kuɗin walda.

Siyasar da ta dawo a 1999 ta zuba wa abin mai. Rabon mashina ya zama hanyar neman ƙuri'a, kuma ayarin ɗan takara ba ya cika sai an ji shi tun yana Boɗinga kafin ya iso Shagari. Doka tana nan a takarda: hukumar kula da muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009. Masana lafiyar kunne kuma sun daɗe da cewa zama cikin ƙarar da ta haura desibel 85 na awa 8 a rana yana cin ji a hankali. Ban taɓa ganin an tsayar da yaro a ƙauye saboda ko ɗaya daga ciki ba. Iyakaci tsofaffi su yi tsaki, liman ya taɓo zancen bayan wani ya karye.

Abin da ya sauya al'amarin daga wani wuri ya zo. Maiduguri ta hana hawa mashin a Yulin 2011 saboda masu harbi daga kansa. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Mu muna jin waɗannan a rediyo kamar labarin wata ƙasa. Sai ga Yulin 2018, mahara a kan mashina suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30. A Mayun 2019 rundunar soja ta hana zirga-zirgar mashina a dazukan jihohi bakwai, har da Sakkwato. A Satumban 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar da ta taƙaita hawa mashin da dare da goyon mutum uku. Tureta, da ke nan gabas da mu, ta shiga bakin labarai.

Ku lura da abin da ya faru da kalmomi, tunda aikinmu ke nan. "'Yan bindiga" a bakin kakana mutanen sarki ne masu sa yara ihun murna. Yau ba mai furta kalmar da murmushi. Akwai ma samfurin mashin mai laushin murya da juriyar daji da jama'a suka laƙaba wa suna "Boko Haram", don an lura shi mutanen daji suka fi so. Shirun da ya kasance alamar mutuncin malamin makaranta a 1976 ya zama abin zargi. Ƙarar kuma ta rabu biyu. Mashin ɗaya mai fasasshiyar salansa da rana, kowa ya san ɗan gidan wane ne, har akwai kwanciyar hankali a cikin sanin. Mashina goma da dare, wannan wani abu ne daban.

Na ga haka da idona a wani biki a ƙauyen dangin mahaifiyata. An ɗauko amarya daga wani gari, tafiya ta yi dare, abokan ango suka ga ba za su shigo shiru ba. Tun daga bakin fadama suka fara murɗa totur, biyu daga ciki suna ta wannan wasan makulli. Kafin su iso masallaci rabin gari ya watse cikin gero. Wata mai tsohon ciki ta faɗi a kan kututture, wani dattijo ya kwana a gona don ba wanda ya san inda ya nufa balle a kira shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gwaggona kaɗai ta ƙi tashi daga tabarmarta. Na ce, "Gwaggo, ki taso mana!" Ta ce, "Zamna ɗana. Yaranmu na. Waɗancan ba su shela in za su taho." Gaskiyarta, amma ban ga laifin wanda ya gudu ba. Washegari mai gari ya tara samari, aka yanke cewa ba a sake rakiyar amarya da mashin bayan magariba, kuma wanda ya sake yin harbin salansa uban ango zai biya tara. Yaran da suka yi abin ba mugaye ba ne. Wasan da suka gada ne, ba su lura masu sauraro sun sauya ba.

Cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 ya ƙara rage abin, don murɗa totur a tsaye yanzu kuɗi ne ke ƙonewa. Har yau ana fasa salansa, musamman gab da Sallah da lokacin kamfen, amma masu waldar da na sani sun fi samun masu zuwa a toshe musu huji. Mashin mai caji kuma ya fara shigowa birane, shi ba ya da salansar da za a fasa. Ran da na fara ganin ɗaya ya wuce ta gaban majalisarmu, ba abin da muka ji sai ƙarar taya a kan tsakuwa. Wani tsoho ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya juyo ya tambaye mu ko wani ya gane ɗan gidan wane ne.