Motar Lantarki Ta Taɓa Mutuwa Sau Ɗaya: Darasi Ga Mai Shirin Saye

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, maganar motar lantarki ta bar hirar 'yan boko ta shigo majalisar unguwa. Da yake ina cikin 'yan tsirarun da suka yi kasada suka sayi irinta a farkon 2024, kuma a gida nake yi mata caji, kusan kullum sai an aiko mini da tambaya iri ɗaya: in saya ko in haƙura? Amsata ba ta canzawa: kafin ka duba motar, fara duba wutar gidanku. Tarihi ne ya koya mini wannan amsar. Ku yi haƙuri, rubutun da ɗan tsawo.

Da yawa muna ɗauka motar lantarki fasahar jiya-jiya ce, ta su Elon Musk da kamfanonin China. Alhali sa'ar motar fetur ce, tare suka taso. A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙera batirin dalma da asid wanda ake iya sake yi wa caji, wato kakan batirin da ke tayar da motarka yau. A 1881 an ga keke mai ƙafa uku yana tafiya da batir a titin birnin Faris. A 1897 tasi masu lantarki suna ɗaukar fasinja a Landan da New York. Kai, motar farko a duniya da ta haura gudun kilomita 100 a awa ma ta lantarki ce, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa ta a 1899. Zuwa 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka masu lantarki ne.

Dalilin farin jininta a bayyane yake. Motar fetur ta wancan zamani da hannu ake tayar da ita, ana murɗa wani ƙarfe a gabanta kamar injin niƙa na da, in ya ƙwace ya dawo baya har karaya yana yi. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga giya mai tauri. Ita kuwa ta lantarki shiga kawai za ka yi ka ja, shiru kamar ba a kunna ba. Shi ya sa likitoci da matan attajirai suka rungume ta. Hatta Clara, matar Henry Ford, mai gidanta na ƙera motar fetur amma ita Detroit Electric take hawa. Kamfanin yana tallar cewa motar na yin kamar kilomita 130 da caji ɗaya, gudunta kuma bai wuce kilomita talatin da 'yan kai a awa ba, wanda ya isa zirga-zirgar cikin gari a lokacin.

To yaya waɗancan mutanen farko suke caji? Kamar yadda nake yi yau, a gida, da daddare. A wurare da yawa irin wutar da ke shigowa gida daban, wadda batir ke sha daban, don haka sai mutum ya girka wata na'ura a garejinsa da za ta juya ta. Kamfanin General Electric ya riƙa sayar da irinta, mai wani ƙaton ƙwan gilashi da ke yin shuɗin haske in tana aiki. Wanda ba shi da halin girkawa sai ya yi yarjejeniya da garejin haya, su kwana da motar suna caji, da safe a dawo masa da ita. Tun daga ranar farko ke nan, motar lantarki ta mai wuta ce.

Me ya kashe ta? Masana tarihi kan lissafa abu uku. Na farko, an haƙo mai mai yawan gaske a Spindletop ta jihar Teksas a 1901, fetur ya yi araha. Na biyu, Ford ya fito da Model T a 1908 a kan dala 850, farashin ya yi ta sauka har ya dawo ƙasa da dala 300 a shekarun 1920, yayin da ta lantarki take wajen dala 1,750 a 1912. Na uku, a 1912 ɗin nan Cadillac ta fara sa sitata mai aiki da batir wadda Charles Kettering ya ƙera, wahalar murɗa ƙarfe ta ƙare.

Amma akwai na huɗu, wanda ya fi shafarmu. A 1907 gidajen Amurka masu wutar lantarki ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sai wajen 1925 aka kai rabi. A karkara kuwa, har farkon shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wuta. Shi kuwa fetur ko a kantin ƙauye ana samunsa a gwangwani, ka ɗora a bayan mota ka nausa. Manomi ba shi da zaɓi. Thomas Edison da Ford sun yi ƙoƙarin haɗa motar lantarki mai araha wajen 1914, abin bai kai ga kasuwa ba. Lokacin da gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Detroit Electric ta daina ƙera mota a 1939.

Inda ta tsira shi ne inda hanya take sananniya kuma caji yake da tabbas. A Ingila an yi shekaru masu yawa ana raba madara gida-gida da ƙananan motocin lantarki: hanya ɗaya kullum, da yamma a koma ma'ajiya a kwana ana caji. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Dawowarta ta ɗauki lokaci. Rikicin mai na 1973 ya sa an tuna da ita, amma batirin dalma nauyi gare shi, ƙarfi kaɗan. General Motors ta fito da EV1 a 1996, ta ƙera dubu ɗaya da ɗoriya, daga baya ta karɓe su ta murƙushe yawancinsu. Abin da ya juya lamarin shi ne batirin litiyam, irin na wayar da ke hannunka, wanda Sony ta fara sayarwa a 1991. Da shi Tesla ta fito da motarta ta farko a 2008, Nissan ta biyo da Leaf a 2010. Yanzu ku duba inda abin ya karɓu. A Noway kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar a 2024 masu lantarki ne, ƙasar da kusan duk wutarta daga madatsun ruwa take kuma ba a san ɗaukewa ba. Habasha ma, da ta hana shigo da motocin fetur na hawa a 2024, ta jingina ne da babbar madatsar da ta gina a kogin Nilu.

Mu fa? Wutar lantarki ta iso Legas tun 1896, daidai lokacin da tasin lantarki ke shirin fitowa a Landan. Aka kafa ECN a farkon shekarun 1950, aka gama madatsar Kainji a 1968, aka haɗa komai ya zama NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar wa 'yan kasuwa a Nuwamban 2013. Suna ya yi ta canzawa, amma har yau abin da ke yawo a layin ƙasa wajen megawat dubu huɗu ne zuwa biyar, ga mutum sama da miliyan 200. Bankin Duniya ya ce a 2021 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati kwata-kwata.

Kuma ba basira muka rasa ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, yana cikin waɗanda suka zana Chevrolet Volt a Amurka. Lokacin da yake shugabancin hukumar NADDC ne aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas a 2020, aka kuma buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir.

Ga lissafin kamar yadda nake ganinsa a mitar gidana. Motata ta hannu ce, ƙarama, tana cin yunit 17 zuwa 18 a kilomita 100, irin yunit ɗin da kake saye a mita. A farashin Band A, da ya tashi zuwa sama da naira 200 a yunit tun Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 4,000 ba. Motar fetur mai shan lita tara a wannan nisan, ka lissafa da farashin gidan man unguwarku ka gani. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Zuwa ofis da kai yara makaranta wajen kilomita 40 ne a rana, yunit bakwai ke nan, awa uku zuwa huɗu a soket ɗin bango na yau da kullum. In batirin ya faɗi ƙasa sosai kuwa, cika shi a wannan soket ya fi ƙarfin dare ɗaya.

Wannan in akwai wuta ke nan. A unguwarmu wani daren a kawo ƙarfe ɗaya a ɗauke kafin asuba, wani daren a kawo ta ba ƙarfi, na'urar cajin ta ƙi karɓa. Kar wani ya ce ai akwai janareta. Ƙaramin janaretan fetur in ya yi ƙoƙari ya ba ka yunit biyu a lita, kilomita 100 ta koma lita tara ke nan, an gudu ba a tsira ba. Abin da ke riƙe da ni shi ne farantan sola da inbata. Faranti na kilowat uku a irin ranarmu ta Arewa yana ba da yunit goma sha wani abu a yini, amma sai motar tana gida da rana, ni kuma ma'aikaci ne, don haka Asabar da Lahadi nake cika ta, sauran ranakun in ƙarasa da abin da ya samu. A Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda a duhu, wannan solar ce ta hana motar zama kayan ado.

Ga mai shirin saye, abu huɗu. Ka ƙirga awannin wutar da kuke samu da daddare na tsawon wata guda, ka rubuta, kar ka dogara da tunani. Ka kira ƙwararren mai wayarin ya ja mata layi nata daban da waya mai kauri, ya kuma tabbatar wayar kariya da ake binnewa a ƙasa tana aiki, don soket mai arha in ya yi awanni yana ɗaukar wannan nauyin zafi yake yi, gobara kuma ba ta sallama. In ta hannu ce, a gwada lafiyar batirin kafin ka biya, domin shi ne mafi tsada a jikinta kuma zafi yana rage masa kwana, ka riƙa ajiye ta a inuwa. Sannan in ɗan haya ne kai, ko mita ɗaya kuke rabawa da maƙwabta, a daidaita tun kafin motar ta iso.

Abin da ke damuna shi ne kar mu maimaita Amurka ta 1910, inda motar lantarki ta zama ta masu hali su kaɗai. Yau mai Band A da mai kuɗin sola su ne za su tsere wa tsadar mai, talakan da ya fi kowa jin jiki yana can a layi. Nan ne darasin masu raba madarar Ingila yake da amfani. A daidaita sahu, bas ɗin cikin gari, motar makaranta, duk hanyarsu sananniya ce, kuma za a iya gina musu tashar caji ta sola a tasha ko kasuwa, su amfana ko da gidajensu ba wuta. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samarwa da rarraba wutarsu da kansu. Don haka duk ranar da kuka ga gwamna yana yanka zare a gaban sababbin motocin lantarki, ku tambaye shi a ina za a yi musu caji, wa zai gyara su, kuma nawa aka ware wa tashoshin.

Masu irin motar nan a cikinku, musamman 'yan haya, ku faɗa mana yadda kuke fama da caji a garuruwanku, wani zai ƙaru. Allah Ya kawo mana sauƙin rayuwa, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.