Agogon da Bai Tarar da Murhu Ba

A tsakiyar ƙarni na 18 maƙeran Faransa suka fito da ƙaramin agogo na tagulla mai ruwan zinariya, wanda ake girkewa a kan dakalin murhun jin ɗumi. Kayan sarauta ne da attajirai. Amurkawa ne suka karya masa farashi: a 1816 Eli Terry na jihar Connecticut ya yi rajistar wani samfuri mai kayan ciki na katako, daga baya Chauncey Jerome ya koma ga tagulla mai araha, har talaka ya iya mallaka.

Da agogon ya iso ƙasar Hausa, bai tarar da irin wancan murhu ba. Sunansa ma aro ne, domin "agogo" a Yarbanci ƙararrawa ce. Haka nan mai cewa "ƙarfe biyu", ko ya sani ko bai sani ba, yana ambaton ƙarfen da ake bugawa don sanar da sa'a. Kafin nan, mutumin Mashi ko Daura inuwa yake dubawa, kiran salla yake saurare: asuba, hantsi, azahar, la'asar, almuru. Wannan lissafi ya ishi manomi da malami. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 kuwa, da makarantar boko da kotu, minti suke nema.

Mazaunin da agogon ya samu a ƙarshe ya fi na Turai armashi: bangon zauren mai gida, da kan kabad a ɗakin amarya, tsakanin jeren kwanuka da tangaran, inda ko ya tsaya ba a cika sauke shi ba.